Edmund Morgan, malamin da ya tono bauta a gindin 'yancin Amurka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Huɗu daga cikin shugabannin Amurka biyar na farko 'yan Bajiniya ne: Washington, Jefferson, Madison da Monroe, kuma kowannensu yana da bayi. Jefferson, wanda ya rubuta a 1776 cewa daidai aka halicci 'yan Adam, ɗaruruwan mutane ya mallaka a rayuwarsa. To, ta yaya masu gandun bayi suka fi kowa ɗaga murya wajen kiran 'yanci? Wannan tambaya ce ta fito da sunan masanin tarihi Farfesa Edmund Morgan.

An haife shi a Minneapolis a 1916. Ya yi digirin digirgir a Harvard a 1942 a hannun Perry Miller. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aikin gyaran ƙarfe da inji ya yi a ɗakin binciken na'urar rada na jami'ar MIT. Ya koyar a jami'ar Brown, sannan ya koma jami'ar Yale a 1955, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1986.

Abin lura shi ne, Morgan bai shigo fagen da niyyar tozarta magabatan ƙasarsa ba. A 1953, shi da mai ɗakinsa Helen sun rubuta littafi kan rikicin harajin hatimi da Birtaniya ta ɗora wa mazauna Amurka a 1765, suna kare Amurkawan da suka ƙi harajin daga masu cewa aljihunsu kawai suke karewa. A ganinsa, da gaske suke da suka ce babu haraji sai da wakilci. Shi ya sa lokacin da ya fito da littafinsa American Slavery, American Freedom (wato Bautar Amurka, 'Yancin Amurka) a 1975, maganar ta yi nauyi. Shaidar da ɗan gida ya bayar ba ta kauduwa da sauƙi.

Ya duƙufa a kan dokoki da takardun kotunan gundumomi na Bajiniya. Ya nuna cewa da farko ba bayi daga Afirka ne ke noman taba ba, talakawan Ingila ne da suka jinginar da kansu na wasu shekaru don a biya musu kuɗin jirgi. Mutuwa ta yi yawa a lokacin, har mai gona yake ganin asara ce ya sayi bawa da tsada ya mutu masa kafin ya mayar da kuɗinsa. Da mutuwa ta ragu, sai barorin nan suka riƙa gama wa'adinsu suna fitowa, samari majiya ƙarfi, babu gona, ga bindiga a hannu. A 1676 suka bi wani mai gona, Nathaniel Bacon, suka yi tawaye, suka ƙone Jamestown, babban birnin Bajiniya a lokacin, Gwamna Berkeley ya tsere. Cikin na ƙarshe da suka ajiye makami akwai baƙaƙe 80 da Turawa 20, kafaɗa da kafaɗa.

Nan ne, in ji Morgan, manyan masu gona suka ga abin tsoro. Doka ta riƙa raba su. Tun 1662 an ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. A 1691 aka haramta aure tsakanin baƙi da fari. A 1705 aka ce bara Bature idan ya gama wa'adi a sallame shi da masara, da kuɗi, da bindiga, alhali bawa ko ɗaga hannu ga Bature bai isa ya yi ba. Talakan fari ya fara ganin kansa ɗan'uwan mai gida ne. Da aka mayar da masu wahalar gona bayi, attajiri ya samu sararin yin wa'azin daidaito ba tare da fargabar talakawa ba.

Wasu masana sun ce ya ba tawayen Bacon muhimmanci fiye da kima, domin ƙarancin barori daga Ingila da yawaitar jiragen bayi sun isa su sauya lissafin masu gona. Suna da hujja. Amma a nawa ganin, lissafin kasuwa yana bayyana dalilin sayen bayi ne kawai, ba ya bayyana dokar hana aure.

Morgan bai ajiye alƙalami ba bayan ritaya. Yana da shekara 86 ya fitar da tarihin Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin magabatan Amurka, littafin da ya yi kasuwa sosai, kuma a 2006 kwamitin lambar yabo ta Pulitzer ya karrama shi kan aikin rayuwarsa baki ɗaya. Ya rasu a New Haven a 2013, yana da shekara 97.