Ɗigon da ya raba "takwas" da "ma'ana" a Pali

Hadiza: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Malam Bashir, Pali, tsohon harshen littattafan addinin Buddha, ba shi da rubutu nasa guda ɗaya, ko?

Bashir: Haka ne, Malama. A Siri Lanka da haruffan Sinhala ake rubuta littattafan addinin Buddha, a Bama da na Bama, a Tailan da na Tailan. Shi ya sa ƙungiyar buga littattafan Pali, Pali Text Society, wadda wani masani, Rhys Davids, ya kafa a 1881, ta koma rubuta shi da haruffan boko. Sanskrit kuwa, tsohon harshen Indiya, tsarin rubuta shi da boko mai suna IAST ake bi, wanda ya samo asali daga taron masana a Janeba a 1894.

Hadiza: Mu fara da layin nan da ake ɗorawa a kan wasali.

Bashir: Shi ke nuna tsawo: ā, ī, ū. Mu a Hausa ba ma rubuta tsawon wasali, amma a can ba a wasa da shi. A Pali, bala ƙarfi ne, bāla kuwa wawa.

Hadiza: Ɗigon ƙasa fa? Na ga ɗalibai suna karanta ḍ kamar ɗ tamu.

Bashir: Kuskure ne babba. Ɗigon na nufin a lanƙwasa kan harshe baya ya taɓa hanƙa: ṭ, ḍ, ṇ. Aṭṭha takwas ne, attha kuwa ma'ana. In ɗigon ya faɗi, jimlar ta sauya. Sannan th t ce mai fitar iska, ph kuma ba f ba ce. Amma c daidai take da tamu, kamar a "ciki".

Hadiza: Ni abin da ya fi damuna ḷ ce. A Sanskrit na IAST wasali ce, a Pali kuma baƙi. Shi ya sa ISO 15919 na 2001, tsarin duniya na rubuta harsunan Indiya da boko, ya sa wa wasalin zobe a ƙasa.

Bashir: Ga kuma ṃ da ṁ, sauti ɗaya ne. Ki zaɓi ɗaya a littafi, kada ki gauraya.

Hadiza: A kwamfuta kuma, ṭ na iya zama harafi guda, ko t da aka liƙa wa ɗigo daban. A ido iri ɗaya ne, amma in kika nemi kalmar ba za ta fito ba. Kafin bincike, a mai da rubutun duka zuwa NFC na Unicode (tsarin haruffan kwamfuta), wanda ke haɗa harafi da ɗigonsa su zama guda.

Bashir: In madannai ba su da alamomin, a yi da tsarin Harvard-Kyoto mai amfani da haruffa zalla: A maimakon ā, T maimakon ṭ, z maimakon ś. Sai dai a kashe gyaran da waya ke yi na manyan haruffa, don babbar A a farkon jimla za ta zama doguwar ā.