Star Wars: Lasisi daban, asalin labari daban

Jama'a, tambaya ɗaya ce ta cika mana akwatin saƙo: wai me ya sa ake cewa gem ɗin Knights of the Old Republic ba ya cikin asalin labarin Star Wars?

 Gem ne da kamfanin BioWare ya ƙera, aka fitar da shi a 2003. Ni dai har gobe ban ga gem ɗin Star Wars da ya kamo ƙafarsa a daɗin labari ba.

A gurguje: a 2012 Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke da Star Wars, a kan dala biliyan 4 da ɗoriya. A Afrilun 2014 aka yi shela cewa manyan fina-finan Star Wars shida da suka fito kafin lokacin da shirin The Clone Wars su ne asali. Tsofaffin littattafai da gem-gem kuwa aka tattara su gefe, aka raɗa musu suna Legends.

To, a nan mutane ke tuntuɓe. Sai ka ji ana cewa, "Ai da lasisi aka yi shi!" Ƙwarai kuwa. Amma lasisi haya ce. Wanda ya kama hayar shago zai yi fenti, ya jera kayansa, ya yi ciniki, ya biya mai shago haƙƙinsa. Takardar fili kuwa tana hannun mai ita. Lasisi ya ba ka izinin amfani da suna da taurari, ka kuma sayar. Maganar ko abin da ka tsara ya faru a cikin labarin, wannan hukuncin Lucasfilm ne.

Ga hujja a kan gem biyu. Na farko, The Old Republic na 2011. Na biyu, Jedi: Fallen Order na 2019. Dukansu daga kamfanin gem na EA suka fito, dukansu da izini. Na farko Legends ne, na biyu yana cikin asali. 

Abin yana da ciwo, ban musa ba. Mutum ya kwana yana buga gem, ya shaƙu da Revan, tauraron Knights of the Old Republic, kamar ɗan gidansu, rana tsaka a ce wannan tafiyar ba ta cikin lissafi.

Sai dai mai gida yakan leƙa rumbu ya ɗauko abin da ya ga dama. Thrawn, wani kwamanda mai shuɗiyar fata a labarin, daga littafin Timothy Zahn na 1991 ya fito. An ajiye shi a Legends, sannan a 2016 aka dawo da shi cikin shirin Rebels.