Kamfani ya ɗauki nauyin koya wa yara iyo, sai me?

Balaraba: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar kamfanonin da ke biyan kuɗi a koya wa yaran unguwa iyo kyauta muka ɗauko. Malam Auwal, tun kafin mu fara na ga kana girgiza kai.

Auwal: Ai dole, Malama. Tsorona kar abin ya tsaya a rabon riguna masu tambarin kamfani da ɗaukar hoto, bayan sati biyu a naɗe tabarma.

Balaraba: Ni ko don talla suka yi, ina maraba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Auwal: To, nan ma a lura. Ɗan shekara biyu ba darasin iyo zai cece shi ba, sai sa ido, da shinge, da rufe rijiya. Darasin na waɗanda suka kai shekara shida ne zuwa sama.

Balaraba: Su ɗin me za a koya musu? Iyon gasa?

Auwal: A'a, iyon tsira da rai. Dubi shirin SwimSafe na Bangladesh. Ba su jira an gina musu wurin ninkaya ba, dandamalin gora suke kafawa a cikin kududdufi. Kafin a sallami yaro sai ya yi iyon mita 25, ya kuma tsaya a saman ruwa daƙiƙa 30 bai nutse ba. Abu ne da ake aunawa, kuma shi nake so kamfani ya faɗa mana: yara nawa suka iya, ba nawa suka zo ba.

Balaraba: A haɗa da ceto, don Allah. Wannan ke ci mini rai. Yaro ya ga ƙaninsa na nutsewa, ya afka, a rasa su biyun.

Auwal: Shi ya sa ake koya musu kar su shiga. Su miƙa sanda ko su jefa igiya, su yi ihu manya su zo.

Balaraba: To da kai ne mai rattaba hannu da kamfanin, wane sharaɗi za ka fara sawa?

Auwal: Su horar da masu koyarwa daga cikin 'yan unguwar, maza da mata, su biya su albashin shekara uku aƙalla. In sun amince, su buga tambarinsu duk girman da suke so.