Zauren da ke da 'yan mowa da 'yan bora

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A makon jiya aka kori wani abokina daga zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, zauren da ni ma na daɗe a ciki. Hoton rasit ɗin gidan mai ya ɗora, ya rubuta a ƙasa cewa kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, to ina sauƙin da aka ce zai biyo baya? Ko minti biyar ba a yi ba admin ya goge, ya cire shi, ya liƙa sanarwa cewa nan ba wurin siyasa ba ne. Amma a wannan zauren dai, da safiyar ranar, an cika mana waya da hotunan wani ɗan majalisa yana rabon keken ɗinki, ana ta "Allah ya maimaita mana". Ba a goge ko ɗaya ba. Admin ɗin ma shi ya fara cewa amin.

Abin da ya tunzura ni ke nan. Mutane suna yawan tambaya, wane dandali ya kamata a ƙaurace wa saboda toshe baki, Facebook ne ko X ko TikTok? Ni a wurina sunan kamfani ba shi ne ma'auni ba. Ka guji duk inda doka ke da 'yan mowa da 'yan bora, ko kamfani ne na biliyoyin daloli ko zauren 'yan unguwa mai mutum arba'in.

Wani zai ce ai zaurensa ne, ya yi yadda ya ga dama. A'a. Ranar da ya tara mutane da sunan zumunci ya ɗauki amana. In zauren kamfen yake so, ya rubuta haka a ƙofa, mai shiga ya shiga da saninsa.

Masu cewa a koma inda babu doka sam, su ma ban bi su ba. Mu da muka san abin da jita-jita guda ɗaya ke jawowa a gari tsakanin azahar da la'asar, mu ne za mu nemi wurin da ba mai tsawatarwa? Kuma ina wurin yake? Elon Musk ya sayi Twitter, wadda yanzu ake kira X, a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44 yana kirarin 'yancin faɗin albarkacin baki. A Disambar shekarar aka dakatar da shafukan wasu 'yan jaridar Amurka da ke rubutu a kansa. A Mayun 2023, ana jajibirin zaɓen Turkiyya, kamfanin ya toshe wasu shafuka a ƙasar bisa buƙatar hukumomi. An guje wa gara, an faɗa wa zago.

Mu ma mun ɗanɗana a gida. Ranar 2 ga Yunin 2021 Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari da ya taɓo yaƙin basasa. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya fito ya ce kamfanin yana nuna son kai, yana barin saƙonnin Nnamdi Kanu, jagoran 'yan awaren Biafra, yana goge na shugaban ƙasa. Kukan mowa da bora ke nan, kuma kuka ne da ya cancanci a saurara. Sai dai maganin ya fi cutar muni: aka rufe Twitter ga kowa da kowa har kwana 222, mai tallan turare da mai sayar da atamfa duk abin ya shafe su, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Gwamnati ta yi ƙaura zuwa Koo, wata manhajar Indiya. Kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa wa doka, ita kuma Koo ta rufe baki ɗaya a 2024. Wanda ya yi kukan an toshe masa baki, shi ya juya ya toshe na miliyoyi.

Manyan kamfanonin kuwa ba su wanke kansu ba. A Disambar 2023 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara misalai sama da dubu na saƙonni kan Falasɗinu da aka goge ko aka danne a Facebook da Instagram cikin wata biyu, kusan dukkansu ba kiran tashin hankali a ciki. Da yawa daga cikinku ba sai an ba ku labari ba, kun ga yadda aka riƙa karkasa haruffan kalma don kada na'ura ta gane ta.

Na san riƙon zaure ba wasa ba ne. Zauren WhatsApp guda yana ɗaukar mutum 1,024, kuma wanda ke tsaronsa kyauta yake yi, da datarsa, ga zagi daga kowane ɓangare. Zai yi kuskure, ban musa ba. Amma kuskure yau dama yake faɗawa gobe hagu. In kullum gefe ɗaya yake faɗawa, wannan ba kuskure ba ne, aiki ne aka ba shi ko ya ba kansa.

Don haka kafin ka saki jiki a wuri, yi shiru ka yi kallo na mako biyu. Dokar a rubuce take, ko tana cikin aljihun admin sai ya fusata ya zaro ta? In an goge maganar mutum, ana gaya masa dalili? Babbar tambayar ita ce: dokar ta taɓa hawa kan ɗan gidan admin, ko sau ɗaya? In ba ta taɓa ba, ɗauki takalminka.

Kuma ba don ɓacin rai kaɗai nake cewa ka fita ba, don tsaron kanka ne. Zauren da sojojin baka suka mamaye, nan ne ake ɗaukar hoton maganarka a tura wa maigida. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai 'yan jarida da matasa gaban kotu a Najeriya kan rubutu. A Nijar, a Yunin 2024, aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet. Mutumin da ya share maka saƙo don ya faranta wa wani, me zai hana shi miƙa maka wuya don ya ƙara faranta masa?

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, za a buɗe zauruka ɗari-ɗari da sunan ci gaban gari, da sunan matasa, da sunan addini. Ni dai kafin in bar namu na rubuta wa admin layi ɗaya: "Alhaji, don Allah, hoton keken ɗinkin nan ba siyasa ba ne?" Na ga alamar ya karanta. Na ba shi kwana uku, bai amsa ba, na fita. Zuwa daren jiya mutum shida sun biyo ni.