Ɗan Kallo da Ɗan Fili: Yadda Badujalar Matasan Amurka ke Tallata Kanta

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da yamma. Na baya ku matso gaba, akwai kujeru.

In aka ce badujala, yawancinmu 'yan sanda ko sojoji muke tunawa a filin fareti. Wadda za mu tattauna yau jikarta ce, a Amurka take, kuma ta daɗe da barin bariki. Ƙungiyoyin matasa ne masu busa ƙaho, da makaɗan ganga, da masu wasa da tuta, suna gasa a filin ƙwallon Amurka. Kowace ƙungiya tana da kimanin minti 11 ta nuna abin da ta shirya, alƙalai su ba ta maki bisa 100. Hukumar da ke shirya babbar gasar ita ce Drum Corps International, ana taƙaita ta DCI. Ta fara gasarta a 1972, kuma tun 2009 a filin Lucas Oil da ke jihar Indiyana ake wasan ƙarshe cikin watan Agusta.

Tambayar ita ce, in ƙungiya ta tunkari yaro ɗan shekara 15, me take sayar masa? Kujera a wurin kallo, ko gurbi a cikin fili? Masu talla da yawa suna ɗauka haja ɗaya ce, alhali kuwa biyu ne, kowace da kasuwarta.

Mu fara da lissafi. Dokar yanzu ta ƙayyade mutum 165 a ƙungiya ɗaya. Ƙungiyoyin babban rukuni kimanin 20 ne, wato gurabe dubu uku da 'yan ɗaruruwa a duk faɗin ƙasar. Iyakar shekaru 21 ce, sai ɗan sassauci ga wanda zai cika 22 bayan kakar wasa ta kama. Kuɗin shiga a manyan ƙungiyoyi ya kai dala 4,000 zuwa 6,000 a kaka ɗaya, ban da kuɗin jirgi zuwa wurin gwaji, ban da aikin hutun da yaro zai bari. A ɗaya gefen kuma, kusan kowace makarantar sakandare mai girma a Amurka tana da tata badujalar. Ƙofar shiga fili ƙunƙuntacciya ce, ta ɗan kallo kuwa a wangale take, kuma ba a korar kowa daga kallo don ya tsufa.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. A gasar DCI ba a busa sarewa, ba kilarinet, ba saksofon, ƙahon tagulla kawai aka yarda da shi. Masu waɗannan kayan busa kuwa kaso ne babba na kowace badujalar makaranta. Duk tallan da ya tsaya a kan "zo ka zama ɗaya daga cikinmu" ya riga ya sallame su tun kafin a gaisa, sai wanda ya yarda ya sauya kayan busa.

Da can ba a san wannan matsala ba, ga dalili. Ƙungiyoyin farko na unguwa ne. Tsoffin sojoji na American Legion da VFW, da coci-cocin Katolika, da 'yan sikawut ne suka kafa su. A ɗauko yaron unguwa bai san komai ba, a miƙa masa begila, a koya masa. Ranar wasa uwarsa ta zo, maƙwabta su zo, mai shagon kwana ya zo. Shigar yaro ɗaya tana jawo 'yan kallo goma, ba a kashe ko sisi a talla ba. Yau ɗan Teksas ne ke busa wa ƙungiyar Kalifoniya, har daga Japan ake zuwa gwaji. Garin da ƙungiya take ba lalle ya san fuskar yaro ko ɗaya a cikinta ba. Igiyar da ta ɗaure ɗan fili da ɗan kallo ta tsinke, dole kowanne a neme shi da hanyarsa.

To, yaya ake neman ɗan kallo? Ƙofar ita ce malamin kiɗa na makaranta, shi ke da yara, shi zai nemo bas, shi iyaye suka yarda da shi. Kuskuren farko na lokaci ne. Wasanni daga ƙarshen Yuni suke farawa, makarantu kuwa sun tashi hutu tun ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Takardar rangwamen tikiti da ta isa bayan an rufe makaranta, a akwatin wasiƙa za ta kwana har kaka ta wuce. A watan Maris ko Afrilu ya kamata ta isa, da farashin kai ɗaya, da wurin ajiye bas, da ƙarfe nawa za a tashi, don malami ya san abin da zai faɗa wa iyaye.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, shi ne wurin zama. Wasan nan gefe ɗaya yake fuskanta. Bakin kowane ƙaho yana kallon tsakiyar rumfar gaba ne, can sama inda alƙalai suke, kuma zanen da masu tafiya ke yi a fili daga sama ake ganinsa. Kujerun da ke kusa da layin yadi 50, wato tsakiyar fili, su ne masu tsada, tsoffin 'yan kallo sun saye su da wuri. Sai a kwashe ɗalibai masu tikitin rangwame a kai su can ƙarshen rumfa, ƙasa-ƙasa. Daga nan ba su ga zane ba, sautin ma a karkace yake iso musu. Yaro ya koma gida yana cewa, wannan ne abin da ake ta zuzutawa? Gara a ware musu layuka tsakanin yadi 30 da 40, a ɗan sama, ko da za a yi asarar 'yan daloli a daren. Wanda sautin masu ƙaho kusan 80 ya taɓa dukan ƙirjinsa kai tsaye ba ya buƙatar a sake yi masa talla.

Sai wurin ajiye motoci, inda ƙungiyoyi ke ɗumama jiki kafin su shiga fili. Kyauta ne, kuma a nan ake kamu. Makaɗan ƙaramar ganga takwas ko tara a jere, kana taku biyar daga gare su, kowace sanda tana tashi tsayi ɗaya, inci 3, inci 9, inci 12, kai ka ce hannun mutum ɗaya ne. Kusa da su masu manyan ganguna biyar, kowace da girmanta, suna raba gudu ɗaya a tsakaninsu, wannan ya buga biyu ya miƙa wa na gaba. Mai shirya wasa mai hankali yakan rubuta wa malamai inda kowace ƙungiya za ta tsaya da lokacinta, ya ce bas ta iso da awa ɗaya da rabi kafin a fara. Sai dai a kula, akwai yaran da ke shagala a wajen har a tashi ba su shiga rumfa ba.

Batun allo kuma, shekaru da dama tashar PBS tana nuna wasan ƙarshe kyauta, daga 2005 zuwa 2007 ya koma tashar ESPN2. Yaro yana juya tasha sai ya ci karo da shi. Yanzu kallon kai tsaye ta intanet na kuɗi ne, wanda ya riga ya kamu ne kawai ke biya. Saura gajerun bidiyo a YouTube da Instagram da TikTok, nan ma da ƙaya, domin izinin buga waƙar wani a fili daban yake da izinin haɗa ta da bidiyo. Shi ya sa za ka ga an kashe sautin wani sashe, ko an sauke bidiyon ɗungurungum. Ƙungiyoyi sai su koma saka atisayen ganga da suka rubuta da kansu. Wannan yana burge makaɗa, amma yarinyar da ba ta taɓa riƙe sanda ba abin da zai kama ta shi ne ƙarshen wasa, lokacin da jama'a suka miƙe tsaye.

Neman ɗan fili kuwa, gaskiya ce jarinsa. Ana gwaji a Nuwamba da Disamba, a yi ta komawa sansani cikin hunturu, a tare gaba ɗaya a watan Mayu. Atisaye yakan kai awa 12 a rana cikin zafin rana, kowa da jarkar ruwansa. Barci a daɓen ɗakin wasanni na makarantu, tafiyar dare a bas, abinci daga babbar motar girki. Duk wannan a faɗa tun farko, tare da jimillar kuɗi da ranakun biya, da adadin guraben da suka rage bayan tsoffin 'yan ƙungiya sun dawo. Wanda aka jawo da hoton kyalkyali kawai, a mako na biyu yake tattara kayansa, ya bar rami a zanen da aka riga aka rubuta da lambarsa. In yaron bai kai 18 ba, iyaye ne ainihin masu saye. Tun bayan rahotannin cin zarafi a wasu ƙungiyoyin da suka fito a 2018, tambayarsu ta farko ita ce wa ke kula da yara, wa aka tantance, ina ake kai ƙara. Ƙungiyar da ba ta da amsa a rubuce ta rasa su.

Inda hanyoyin biyu ke karo shi ne ranar da aka ce wa yaro bai ci gwaji ba. Waɗanda ake mayarwa gida a manyan ƙungiyoyi suna da yawa, kuma su ne suka fi kowa son abin, tunda har kuɗi suka biya suka zo. In duk saƙon da suka taɓa ji shi ne nan wurin gwanaye ne kaɗai, sai su tafi da haushi. A ganina wasiƙar sallama ta fi kowane allon talla muhimmanci. A gaya masa abin da zai gyara, a nuna masa ƙungiyoyin rukuni na biyu masu sauƙin kuɗi da gajeren rangadi, ko tsarin SoundSport da DCI ta ɓullo da shi a 2013, wanda ke karɓar kowane kayan busa da kowane shekaru. A haɗa masa da tikitin rangwame na wasan da ya fi kusa da garinsu.

Me ya sa ƙungiyoyi suka fi karkata ga neman ɗan fili? Domin kuɗinsa a hannu yake, kai tsaye yake shiga asusu, na tikiti kuwa sai an raba. Amma duk shekarar da man bas da abinci suka hau, a kan yaran ake ɗora ƙarin, kuma akwai inda jaki ke ƙin kaya. Ƙungiyar Santa Clara Vanguard ba ta fita gasa ba a 2023 saboda matsin kuɗi. The Cadets, wadda aka kafa tun 1934 kuma ta ci kofi sau 10, ta rufe a 2024. Girman suna bai hana ba.

Ga mai riƙe da rajistar ƙungiya, a raba sunaye gida biyu tun daga fom ɗin farko, da tambaya ɗaya: kana son ka yi wasa ne, ko ka kalla, ko duka? Na gidan farko a aika musu takardun gwaji a watan Satumba, na biyu jadawalin wasanni idan bazara ta gabato. Wanda ya cika shekaru ko ya faɗi gwaji, a mayar da sunansa gida na biyu a ranar, kada a goge.

Lokaci ya ja. A kawo tambayoyi, mu fara daga ɓangaren mata.