Yadda Malami Zai Koyar da Aikin Jarida da Fim Ɗin Minti 3

Malam, idan ka ce wa ɗalibin sakandare ya rubuto labari a kan matsalar ruwa a makarantarsu, zai iya zama a aji ya cika shafi biyu da "an ce". Amma ka ba shi waya ka ce ya haɗo fim ɗin dokumentare, wato fim na labarin gaskiya, dole ya taka har gindin famfon, ya nemo mai magana, ya tambayi sunansa. Kyamara ba ta ɗaukar jita-jita, shi ya sa take saurin koya wa yaro zuwa ganin ido.

Ka raba ajin mutum huɗu-huɗu: mai tambaya, mai riƙe waya, mai kula da sauti, da mai rubuta sunaye da lokaci. Labarin ya zama ƙarami, kamar "me ya hana famfon makarantarmu kawo ruwa?" Kafin a taɓa waya, su rubuta tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, ta yaya, da me ya sa. Su kuma zaɓi mutum uku, wanda abin ya shafa, wanda gyaran ke wuyansa, da wanda ya san aikin, misali mai gyaran famfo. Idan akwai ɗan ƙasa da shekara 18 da fuskarsa za ta fito, a nemi izinin iyaye da na shugaban makaranta a rubuce.

Sauti ne ke kashe mafi yawan finafinan ɗalibai. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma maganar da ba ta fita, nan take zai wuce. A matso da waya kamar taku ɗaya daga mai magana, ko a maƙala masa ƙaramin makirufo a wuyan riga, tazarar taƙi ɗaya daga baki. A kashe fanka, a nisanci janareto, a lokacin hunturu kuma a nemi bango ya kare iska. A sa wayar a yanayin jirgin sama, wanda ke hana kira shigowa, don kira ɗaya yana iya yanke hirar. A ɗauki gwajin daƙiƙa 20, a saurara da abin kunne kafin a ci gaba.

Wayar a kwance za a riƙe ta, haske a fuskar mutum, kada taga ta kasance a bayansa. Kowane hoto a tsaya a kai daƙiƙa 10 ba girgiza: hannun da ke murɗa famfo, bokitai a jere, sannan filin gaba ɗaya. Mai tambaya ya guji tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce, kuma ya yi shiru idan an gama amsa. Sau da yawa maganar da ta fi nauyi a bayan wannan shirun take fitowa.

A wurin tacewa, wato yanka da haɗa bidiyon, ko da manhajar CapCut ko ta KineMaster, ake gane ɗan jarida. A ce mai gyaran famfo ya ce: "Injin ya lalace, amma mun sayo sabo, jibi za a ɗaura." Ɗalibi ya yanke daga "amma" don fim ya yi zafi. Kalmomin duk na mutumin ne, sai dai an juya masa magana. Ka sa rukunin su kunna cikakkiyar hirar kusa da wadda suka tace, ajin ya yanke hukunci ko an yi masa adalci. Kada ka yi gaggawar wuce wannan matakin, ko da zai cinye darasi guda.

Kafin a nuna fim ɗin, mai rubutu ya koma ya tabbatar da kowane suna da muƙami harafi bayan harafi, kowane adadi kuma a same shi daga baki biyu. Idan wanda aka zarga ya ƙi magana, a faɗa a cikin fim cewa an neme shi, da ranar da aka neme shi.