Amsoshin Tambayoyinku: Fadojin Sarakunan Faransa da Lambunansu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku muka zaɓo yau, dukkansu a kan tsofaffin fadojin sarakunan Faransa.

Ta farko daga wani dattijo ce a Maraɗi, wanda ke shirin zuwa Paris ganin ɗansa. Ya ce: "An ba ni labarin fadar Versailles. Shin sarki na ciki har yanzu? Kuma ana barin baƙo ya shiga?"

To Baba, sarki kam babu. Na ƙarshe da ya zauna a cikinta shi ne Louis na 16. A watan Oktoban 1789 matan Paris, waɗanda tsadar burodi ta ishe su, suka tako da ƙafa har ƙofar fada, washegari aka tasa shi gaba da iyalinsa zuwa birni. A 1793 aka fille masa kai. Yanzu gidan tarihi ne, kowa da tikitinsa. Tazarar wajen kilomita 20 ce daga Paris, jirgin ƙasa na RER C zai kai ka kusa da ƙofa. Ka sa yaron ya yankar maka tikiti ta intanet tun kafin ranar, kuma kada ku je ran Litinin, fadar a rufe take.

Idan kun shiga, ku tsaya a zauren madubai, mai tsawon mita 73 da madubai 357. A nan aka sa hannu kan yarjejeniyar 28 ga Yunin 1919 wadda ta raba Jamus da ƙasashen da take mulka. Kamaru na ciki, Ingila da Faransa suka raba ta, har daga baya yankin Mubi ya zaɓi haɗewa da Najeriya a ƙuri'ar 1961. Masu sauraronmu na Adamawa, ashe kuna da labari a wannan zaure.

Ta biyu daga wani mai noman rani ce a Kura, jihar Kano: "Na ga hoton lambun fadar, ko'ina ruwa na tsartuwa sama. Daga ina suke samun ruwan?"

Malam, tambayar manomi ka yi, kuma ka taɓa inda ke yi wa Louis na 14 ciwo. Shi ya mai da ɗan gidan farautar mahaifinsa ya zama wannan fada, ya tare a 1682, André Le Nôtre ya zana masa lambun. Sai dai wurin ba shi da babban kogi. Aka haƙa tafkuna, aka ja magudanai, amma ruwan bai isa ba. Ƙarshe aka je bakin kogin Seine, kusa da Marly, aka kafa wani makeken inji mai manyan ƙafafun katako 14 da ruwa ke juyawa, suna tura famfuna sama da 200, ruwan na hawa tudu mai tsayin kusan mita 160. An gama shi a 1684, amma bai wadatar ba. Sai masu kula da ruwa suka ɓullo da dabara. Idan sarki ya fito zagaya, sai su riƙa yi wa juna fito: inda ya dosa a buɗe, inda ya wuce a rufe. Shi dai duk inda ya waiga ruwa na tashi. Har yau ba kullum ake sakin ruwan ba, sai wasu ranaku tsakanin Afrilu da Oktoba, musamman Asabar da Lahadi, kuma a ranakun shiga lambun ma da kuɗi.

Mu a ganinmu lambun ya fi ɗakunan daɗin ziyara, don a ciki turereniya ce kawai ta masu ɗaukar hoto. Kai da kake manomi, abu biyu za su burge ka. Itatuwa sama da 1,000, yawancinsu lemo, aka shuka cikin akwatunan katako, saboda sanyin ƙasar na kashe lemo. Hunturu na gabatowa a kwashe su zuwa cikin gini, a watan Mayu a sake fito da su. Sannan ga lambun kayan miyan sarki, hekta 9, inda ake horar da rassan tuffa su kwanta a jikin katanga su sha ɗumin rana. Har gobe ana noma a wurin.

Ta uku daga wata hajiya ce a zangon Kumasi: "Bayan Versailles, wace fada ce ta cancanci a ɓata mata yini?"

Hajiya, ki nufi kwarin kogin Loire. Mutane za su ce miki Chambord, wadda Sarki François na 1 ya fara ginawa a 1519. Tana da ɗakuna sama da 400 da wata matakala mai hanya biyu da ke murɗe da juna, mai hawa da mai sauka ba sa haɗuwa. Amma shi kansa maigidan 'yan makonni ya kwana a ciki.

Mu Chenonceau muke ba ki shawara, wadda aka gina a kan kogin Cher, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta. Sarki Henri na 2 ya bai wa farkarsa Diane de Poitiers ita a 1547, matarsa ta aure Catherine de Médicis tana gani ta haɗiye. Sarki na rasuwa a 1559 Catherine ta karɓe gidan, ta kuma dasa nata lambun daura da na Diane. Duka biyun suna nan, sai ki zagaya ki yanke hukunci da kanki. Daga Paris ki hau jirgin ƙasa mai gudu na TGV zuwa Tours, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, sannan ki canja ƙaramin jirgi, tasharsa na dab da ƙofar fadar.

Lokaci ya ƙwace mana. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.